Dabbar Inji A Dandali: Wa Zai Ƙera, Wa Zai Yi Kallo?

Wannan shi ne cikakken jawabin da aka gabatar a garin Keffi, Jihar Nasarawa, a gaban taron malamai da ɗalibai da masu sana'ar hannu, a kan sabuwar fasahar wasa da dabbobin inji.



Maganar da ta tara jama'a yau, wanda ya jiyo ta daga nesa zai ɗauka ta yara ce, domin kuwa maganar wasa ce. Amma wasa ba ƙaramin abu ba ne a zaman al'umma. A wurin wasa yaro yake fara koyon buɗe baki a gaban mutane, a nan yake koyon haƙuri har lokacinsa ya zo, a nan kuma yake fara gane abin da garinsu yake so da abin da yake ƙi. Al'ummar da ta bari wasu suka riƙa ƙera mata abin wasa, to, ta bari ke nan ana yi wa 'ya'yanta tarbiyya daga wani gari. Saboda haka jawabin nan zai tsaya a kan tambaya guda. Wannan sabuwar fasaha da ta bazu a manyan biranen duniya, ta dabbobin inji masu wasa da mutane, shin mutanen Keffi za su shiga sahun maƙeranta, ko kuwa za su tsaya a sahun 'yan kallo?

MECE CE DABBAR INJI?

Kafin a yi nisa, ya kamata a bayyana abin da ake nufi. An saba da aikin fasahar da ake ratayewa a bango, ko a ɗora bisa tebur a gidan tarihi, a rubuta a gefe cewa kada a taɓa. Wannan da ake magana a kanta dabam take. Mai fasaha yakan ƙera siffar wata dabba, ko tsuntsu, ko wata halitta ta cikin tatsuniya, ya sa mata inji mai motsa gaɓoɓinta, ya sa mata na'urorin da za su zama mata ido da kunne, sa'an nan ya kafa ta a fili ko cikin babban zaure, ya bar mutane su kewaye ta. Wanda ya matso, ta juyo ta dube shi. Wanda ya yi tafi, ta kaɗa kai. Wanda ya daka tsawa, ta ja da baya. Idan babu kowa a wurin, sai ta yi tsit, ta koma tarin ƙarfe da katako. Watau mai fasaha rabin aikin ya yi, jama'ar da suka zo su ne masu cika sauran rabin. Wasan safe ba zai taɓa zama daidai da na yamma ba, gama mutanen safe dabam, na yamma dabam.

Irin wannan na'ura ita ce Turawa suke kira robot, kalmar da wani marubuci ɗan ƙasar Cek, Karel Capek, ya fito da ita cikin wani wasan kwaikwayo a shekarar 1920. Asalinta daga wata kalma ce ta harshensu mai ma'anar aikin tilas. Bahaushe ya riga ya raɗa mata suna mutum-mutumi. Amma tun da yake waɗanda ake zance a kansu yau siffar dabbobi gare su, za a kira su dabbobin inji.

TUSHEN ABIN YA DAƊE

Masu cewa wannan abu Turawa suka fara shi, sai su koma tarihi. A shekarar 1206 wani gwanin ƙere-ƙere Musulmi, Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyar Bakr aiki a inda yake ƙasar Turkiyya yanzu, ya kammala littafinsa na dabarun ƙira, inda ya bayyana na'urori 50 tare da zanensu da yadda ake haɗa su. A cikinsu akwai agogo mai siffar giwa, wanda kowane rabin sa'a wani ƙwallon ƙarfe yake faɗowa cikin bakin maciji, macijin ya sunkuyo da shi, mahayin giwar ya yi bugu a ji ƙara.

Akwai kuma abin wanke hannu mai siffar ɗawisu. Baƙo zai ja wani marfi a wutsiyar ɗawisun, ruwa ya zubo daga bakinsa. Ruwan wankin yana taruwa a ƙasa, sai ya ɗaga wani abu marar nauyi da ke iyo a kansa, shi kuma ya buɗe wata 'yar ƙofa, ɗan mutum-mutumi ya fito ya miƙa abin wanki. Ruwa ya ƙaru, sai wani ya fito da tawul. Babu lantarki, babu kwamfuta, ruwa ne da nauyi da igiya. Abin lura a nan shi ne, ɗawisun ba ya yin kome sai baƙo ya sa hannu. Yau shekara fiye da 800 ke nan.

A zamanin kwamfuta kuwa, misalin da ya yi fice shi ne na Edward Ihnatowicz, haifaffen ƙasar Folan mazaunin Landan. Kamfanin Philips ya sa shi ya ƙera wata dabbar ƙarfe da aka kira Senster, aka kafa ta a wani gidan nunin kimiyya a birnin Eindhoven na ƙasar Holan daga 1970 zuwa 1974. Tsawonta ya haura mita 4, an kuma kwaikwayi ƙirar wuyanta daga hannun wani dangin ƙaguwa na teku. An sa mata makirufo 4 a kai, da wata na'ura mai gane motsi. Dokar da aka ba ta gajeriya ce ƙwarai: in ta ji sauti mai taushi ta miƙa kai wajensa, in aka yi ƙara mai tsanani ko motsin ba-zata ta janye. Duk da haka mutane suka riƙa tsayawa a gabanta suna yi mata magana, suna lallashinta kamar mai rai. Kwamfutar da ta tafiyar da ita kuwa, wayar hannu mafi araha da ake sayarwa a kasuwar Keffi yau ta fi ta ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

Darasin da ke cikin ɗawisun al-Jazari da Senster guda ne. Abin da yake kama zuciyar ɗan Adam shi ne ya yi wani abu a amsa masa. Ƙarfin inji da tsadarsa a baya suke.

ABIN DA KE GIDA

To, idan amsawa ita ce ran wannan fasaha, ashe ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a cikinta. A dubi tashe. Daga goma ga watan azumi yara sukan fito da dare, wannan ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wancan ya rataya layu da saiwoyi ya zama Jatau mai magani, a bi gida-gida. Babu dandamali, babu labule, babu kujerar 'yan kallo. Mai bayarwa ya bayar, 'yan amshi su amsa, matan gida su yi dariya su tanka, mai gida ya ba da hatsi ko kuɗi, in ya yi rowa a tsokane shi cikin raha. Wasan ba ya tashi sai da mutanen gidan da aka shiga.

Fatake Hausawa sun kai irin wannan al'ada har Wagadugu ta ƙasar Burkina Faso tun ƙarni na 19, inda ake kiranta dodo. A can samari sukan sa fuskokin namun daji su yi rawa cikin dararen azumi, har abin ya zama gasa tsakanin unguwanni. A ƙasar Hausa da Barno kuma an san masu dabo-dabo, mutum ya shige ƙarƙashin babbar riga, ya tokare ta da sanda ta zama ɗan ɗaki, ya fito da 'yan tsana ta wuyanta, su yi magana da siririyar murya suna yi wa 'yan kallo ba'a.

Kusa da gida kuwa, ga maƙwabta Tibi, na Jihar Binuwai da kudancin Jihar Nasarawa, masu wasan kwagh-hir. Masassaƙansu sukan sassaƙa mutane da dabbobi masu gaɓoɓi, a ɗora su bisa wani akwati, mutane su ɓuya a ciki suna sarrafa su, sai a ga dabba ta buɗe baki, ko ɗan katako yana aiki kamar mutum. Akwai kuma manyan dodanni masu siffar namun daji da sukan kutso cikin fili da dare, ga mai ba da labari, ga makaɗa, ga 'yan amshi. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta sa kwagh-hir cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. Wanda ya ga kwagh-hir ya ga dabbar inji wadda injinta mutum ne.

Sa'an nan ga gardawa masu wasa da kura da biri da maciji a kasuwanni, waɗanda wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya ɗauka a bayan garin Abuja cikin 2005, hotunan suka zaga duniya. Gardi ya daɗe da sanin abin da Ihnatowicz ya gano da lissafi. Ya saki sarƙa kaɗan, taro ya watse. Ya janye ta, taro ya dawo yana dariya. Tsoro kaɗan, kwanciyar rai kaɗan, bi da bi, shi ne yake riƙe mutane a rana har su manta da cefane.

Sai dai waɗannan wasanni ba su zauna lafiya ba. Tashe ya ja baya a birane, a Kano ma 'yan sanda sun hana shi a azumin 2024 saboda ɓata-garin da suke fakewa da shi. Kurar gardi tana rayuwa cikin takunkumi da sarƙa, abin da masu kula da namun daji ba su yarda da shi ba, dajin da ake kamo ta kuma sai ƙanƙancewa yake yi. Masassaƙi da baduku suna tsufa, magadan sana'a suna ƙaranci. Yaro kuwa ya sami waya, ya zauna shi kaɗai yana kallon abin da aka shirya a wata nahiya, ba ya amsa wa kowa, babu mai amsa masa. Idan aka yi sake, nan gaba kaɗan masu shirya bukukuwa za su yi odar dabbobin inji daga ƙetare, masu siffar dodannin finafinan wasu, a kawo su a sa kuɗin shiga, jikokin masu tashe su yi layi su biya su kalla. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

BA SAI DA DUKIYA MAI YAWA BA

Wani zai ce wannan aikin ƙasashe masu arziki ne. Gaskiya ne akwai masu tsada. A birnin Nant na Faransa akwai giwar katako da ƙarfe mai tsayin mita 12, wadda tun 2007 take yawo ɗauke da mutane kusan 50, tana fesa wa yara ruwa da hancinta. Wannan kam sai gari mai ƙarfi. Amma a Holan, Theo Jansen tun 1990 yake ƙera manyan halittu masu ƙafafu da yawa da bututun roba irin wanda ake zura wayar lantarki a ciki, iska kaɗai ke tafiyar da su a bakin teku. A Kinshasa, wata injiniya mace, Therese Izay Kirongozi, ita da abokan aikinta sun kafa mutum-mutumi mai ba da hannu a titi cikin 2013, yana aiki da hasken rana. A watan Afrilu na 2025 kuma mutanen Ikko sun ga garken namun daji da aka yi da kwali da katako, cikin wani shiri mai suna The Herds, wanda ya taso daga Kinshasa ya nufi ƙarshen arewacin duniya domin jawo hankali ga sauyin yanayi. A biranen da aka ya da zango, 'yan gari aka koya wa riƙe dabbobin da tafiyar da su. Bututun roba da kwali da hasken rana, babu wanda Keffi ta rasa a ciki.

YADDA ZA A ƘERA KURA

Domin kada zance ya tsaya a sama, a ɗauki misali da kura. Kowane yaro ya san halinta a tatsuniya: ga kwaɗayi, ga tsoro. Kwaɗayi ya sa ta matso, tsoro ya sa ta noƙe. Wannan shi ne ainihin halin da aka ba Senster, sai dai Bahaushe ya riga ya san dabbar da ta dace da shi, ya kuma tanadi labarunta.

Aikin ya kasu kashi 4. Na fari shi ne ƙashi da fata. Mai walda zai haɗa ƙirar jiki da siririn ƙarfe, ko kafinta ya yi ta da gora da tukurwa domin rage nauyi. Masassaƙi ya fitar da kai daga itace marar nauyi ko babbar ƙwarya, baduku da tela su lulluɓe jiki da fata da buhu, marini ya yi mata dabbare-dabbare.

Na biyu shi ne tsoka. Injin waifa na tsohuwar mota, wanda dama aikinsa kai da komowa ne, zai iya juya wuya ko ɗaga ƙafa, batirin mota kuma ya ishe shi. Wayar birkin keke ta zama jijiya mai jan muƙamuƙi. Kunne da fatar ido sai a ba su ƙananan injuna. Wannan fagen kanikawa ne.

Na uku shi ne ji da gani. A sa makirufo ɗaya a kowane kunne, duk wajen da sauti ya fi ƙarfi, nan kai zai juya. A goshi a sa na'urar auna nisa mai aiki irin na jemage: tana fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, sautin ya bugi abin da ke gaba ya komo, tun da kuwa an san sauti yana cin kimanin mita 340 cikin daƙiƙa guda, daga lokacin da ya ɗauka ake gane nisan mutum. Irin mai arahar tana ganewa har wajen mita 4. Akwai kuma na'urar jin ɗumin jiki, irin wadda take kunna fitilar tsaro in mutum ya gifta.

Na huɗu shi ne ƙwaƙwalwa. Ɗan allon lantarki ne wanda bai wuce tafin hannu ba, kamar wanda ake kira Arduino, da aka fara yi a Italiya cikin 2005 domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba. Mai gyaran waya zai liƙa wayoyi da dalma, ɗalibin kwamfuta ya rubuta dokokin da kura za ta bi.

Ga irin dokokin. In babu kowa, ta kwanta, cikinta yana hawa yana sauka kamar mai numfashi. In mutum ya shigo cikin mita 4, ta ɗaga kunne. In ya tsaya shiru, ta miƙo wuya tana shinshina. In ya miƙa mata ƙashin katako, ta buɗe baki. In aka daka tsawa, ta noƙe ta yi kuka. Amma ba za ta miƙe ta yi rawa ba sai taro ya haɗa tafi da amshi bisa kari ɗaya, yadda mutum guda, kome ƙarfin muryarsa, ba zai iya tashinta ba. Da haka wanda ya zo kallo zai juya ya nemi na kusa da shi, ko da bai san shi ba. Har ila yau kada a bar ta tana amsawa iri ɗaya kullum. Wani lokaci ta yi jinkiri, wani lokaci ta kau da kai, gama abin da aka san amsarsa tun kafin a tambaya, ba a daɗewa ake gajiya da shi.

A nan ne babbar magana take. Injiniya ya san yadda wuya zai juya, amma bai san lokacin da ya kamata ya juya ba. Wannan ilmin yana wurin gardi, da jagoran 'yan tashe, da tsohuwa mai tatsuniya, da makaɗin da ya san inda zai sassauta da inda zai zafafa. Tilas ne a zaunar da su a teburin shawara tun ranar farko, a biya su ladan aikinsu, a rubuta sunayensu tare da na masu digiri. An ga misalin irin wannan haɗin a maƙwabta. Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja, cikin 1954. Ta karɓi sabuwar hanyar gashi da ƙyalli, amma ba ta yar da ƙirar Gbagyi da zanen ƙadangare da kada da kifi da ta taso da su ba. Abin da ta riƙe shi ya kai sunanta duniya. Bayan kura kuma, ga Gizo da Ƙoƙi, ga dila, ga hawainiya, kowa da halinsa a shirye, yana jiran maƙeri.

INDA ZA A YI HATTARA

Akwai wurare 4 da in ba a lura ba aikin zai ɓaci. Na fari shi ne addini da al'ada. Sanannen abu ne malaman Musulunci sun tsananta a kan sassaƙa siffar mai rai, sun kuma yi sassauci a kan abin wasan yara, bisa hujjar 'yan tsanar Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Bayanin abin da ke tsakani na malamai ne, saboda haka a je wurinsu tun kafin a sayi ƙusa, a kuma ji ta bakin shugabannin Kirista. Haka nan dodannin gargajiya na ƙabilun jihar nan suna da masu su da ƙa'idodinsu, ba a kwaikwayonsu sai da izini. Daɗin daɗawa, bayan kowane wasa a buɗe cikin dabbar a nuna wa jama'a batir da waya da inji, domin kada wani ya tafi gida da zaton tsafi ne ko aljani. Buɗewar nan ita ce ma rabin amfanin aikin, gama a nan ne yaro zai ce shi ma zai iya.

Na biyu shi ne lafiyar jama'a. Kada a haɗa dabbar da wutar gida, a tsaya a kan batir, wanda wutarsa ba ta jan mutum. Muƙamuƙi ya zama marar ƙarfi, a naɗe shi da soso. A sa makunnin kashewa nan take a hannun wani babba da zai tsaya a wurin. A keɓe lokacin ƙananan yara dabam, domin kada manya su danne su, a kuma keɓe lokacin da matan aure za su zo su sake. Makaho ya sami abin taɓawa da saurare, kurma ya sami abin gani.

Na uku shi ne sirrin mutane. Duk abin da aka lissafa a sama ba ya bukatar kyamara. In har an sa ta, kada a ajiye fuskar kowa, balle ta yara.

Na huɗu shi ne gyara. An sha ganin kayan zamani da aka buɗe da biki, bayan 'yan watanni su zama mazaunin gizo-gizo, don ƙaramin abu ya lalace babu inda za a same shi. Ƙurar hunturu da zafin bazara da laimar damina ba sa raga wa na'ura. Dokar ita ce, duk abin da ba za a iya sayensa ko gyara shi a Keffi, ko Abuja, ko Panteka ta Kaduna ba, kada a sa shi cikin kura. Farantin hasken rana guda kuma ya riƙa cika batir.

RABON KEFFI

Me ya sa Keffi? Garin nan da Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19 mahaɗar hanyoyi ne da al'ummu. Hausawa da Fulani, Gwandara da Gbagyi, Eggon da Mada da Afo da Tibi, duk kasuwa ɗaya suke ci, kowa kuma da tatsuniyarsa da kiɗansa. Garin ilmi ne tun da aka kafa Kwalejin Gwamnati a 1949. Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara karatu a nan cikin 2002, tana da sashen wasan kwaikwayo da al'adu, tana da na kimiyyar kwamfuta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana garin Nasarawa tun 1983. Abuja kuwa, mai nisan kimanin kilomita 50, a can Gwamnatin Tarayya ta buɗe cibiyar ƙasa ta nazarin mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira cikin 2020, a can kuma masu kuɗin kallo suke. Kayan miya sun haɗu, saura mai girki.

Abin da ake nema ba shi da yawa. Jami'a ta ba da ɗaki guda, ta buɗe ƙofarsa ga mai walda da baduku da mai gyaran waya, ba tare da an tambaye su takardar shaida ba. Ƙaramar Hukuma ta ba da fili da ɗan tallafin sayen kaya. 'Yan kasuwa su ɗauki nauyin batir da farantin rana. Masarauta ta sa albarka, ta tsayar da rana cikin bukukuwan salla. Sa'an nan unguwanni su yi gasa, Tudun Kofa da dabbarta, Gangaren Tudu da tata, Unguwar Rimi da Sabon Gari kowa da tasa, yadda samarin da da za su fita yawon banza za su sami abin da za su kwana suna ƙerawa. A sa 'yan mata cikin masu liƙa waya da masu rubuta dokoki, kada a tsayar da su a ɗinkin fata kaɗai. Iyaye kuma, yaron da aka gani yana haɗa motar kara ko ta gwangwani, kada a kore shi da cewa ɓata lokaci yake yi. Da rarrafe yaro kan tashi.

A fara da kura guda, kada a ce sai an yi giwar Nant. Ba kuma tafin manyan baƙi ranar buɗewa ne zai nuna an ci nasara ba. Abu biyu za a duba: yara nawa suka tsaya bayan wasa suka ce a buɗe musu ciki su gani, sa'an nan bayan shekara guda, shin kurar tana nan tana ɗaga kunne, ko kuwa ta kwanta dama.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Amma ba su ce a kori makaɗan gari a ɗauko na haya ba. Kiɗan zamani ya zo da batir da waya, masu hannu da masu labari kuwa suna nan a Keffi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su a ɗaki guda, tun dattawan da suka san sirrin dandali suna raye.

Allah ya ba da ikon aikatawa, ya raya zuriya, ya zaunar da Keffi da Jihar Nasarawa da Nijeriya lafiya.